Tambayi Malam: Zan iya busar da etil asitet a ɗakin kwanana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai, kuma bincikena a kan ganyen sabara ne. Na jiƙa garin ganyen na tace, yanzu ina amfani da ruwan sinadaran heksen da etil asitet wajen raba abubuwan da ke cikinsa. Injin busarwa guda ɗaya ne a sashenmu, layi ya yi tsawo, ga wuta ba ta zama. Wata ƙawata ta ce in juye ɓangaren etil asitet ɗin a faranti in kai ɗakinmu in ajiye ƙarƙashin fanka, kafin safe ya bushe, wai ai shi ne a cikin ruwan goge jan farce, ba ya cutarwa. Abin ya kai rabin lita. Sannan duk ranar da na yi aiki da shi sai kaina ya yi ciwo, yatsuna su yi fari su bushe, alhali ina sa safar hannu. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki kai shi ɗakin kwana, ko da kuwa layin zai kai ki mako mai zuwa.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Etil asitet yana cikin wasu ruwan goge jan farce, yana cikin gam da fenti, har da shi ake cire sinadarin kafeyin mai hana barci daga ganyen shayi da gahawa. Cikin dangin sinadaran da ake kira esta yana daga masu ƙarancin guba, shi ya sa malamai suka fi sakin jiki su ba ɗalibai shi a kan kulorofom. Ga shi da ƙamshi irin na 'ya'yan itace, kuma wannan ƙamshin ne yake sa mutane sakaci da shi. Amma auduga ɗaya da aka ɗiga wa don goge farce daban, rabin lita a buɗaɗɗen faranti daban.

Babban haɗarinsa wuta ce. Yana tafasa a digiri 77 na ma'aunin Salshiyas, amma tun daga digiri 4 ƙasa da sifili yake fitar da tururin da ashana ɗaya za ta kunna. Kalanzir sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38 kafin ya yi haka. Ke nan ta fuskar kama wuta ya fi kusa da fetur, kuma babu wani sanyin hunturu a ƙasar nan da zai sa ya lafa, balle zafin Afrilu. Da zarar tururinsa ya kai kashi 2 cikin ɗari na iskar wuri, har zuwa kashi 11 da ɗoriya, tartsatsi kaɗai ake jira. Tururin nan ya ninka iska nauyi kusan sau uku, saboda haka ba sama yake yi ba. Sauka yake yi ya bi ƙasa, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa, ya je ya tarar da risho ko maganin sauro na murɗe da wata ta kunna a lungu, wutar kuma ta biyo shi da gudu har farantin.

Zo mu yi lissafin tare, tunda ke 'yar kimiyya ce. Mililita ɗaya tana da nauyin giram 0.9, nauyin mol ɗaya (ma'aunin da ake ƙirga yawan sinadari da shi) kuma giram 88 ne, don haka kowace mililita tana ba da tururi kimanin rubu'in lita. Rabin litarki zai zama lita 125 na tururi. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi yana ɗauke da iska lita 48,000. In kin raba, za ki samu kusan kashi 2,600 cikin miliyan idan ƙofa da taga suna rufe. Iyakar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yarda ma'aikaci ya shaƙa a aikin awa 8 ita ce 400 cikin miliyan, Tarayyar Turai kuwa 200 ta sa. Kin ga mililita 80 ma ta isa ta ƙetare iyakar farko a wannan ɗakin. Wannan lissafin idan tururin ya gauraya da iska sosai ke nan. A kusa da farantin da kuma dab da ƙasa, inda katifu suke, ya fi haka kauri nesa ba kusa ba. Masu nazarin ƙwari da shi suke kashe malam-buɗe-littafi a cikin rufaffiyar kwalba, ki riƙa tuna wannan.

Ciwon kan da kike yi daga nan yake. Tururin yana kawo jiri da kasala da gyangyaɗi, yana sa ido da maƙogwaro zafi. Hanci kuma yakan saba da ƙamshi bayan ɗan lokaci, don haka daina jin sa ba shaida ba ce cewa ya tafi. Wurin aikinsa shi ne akwatin zuƙe tururi, wato akwatin nan mai ƙofar gilashi da fanka na ɗakin gwaji, kuma akwatin da fankarsa ba ta juyawa kabad ne kawai. In aka ɗauke wuta, ki rufe kwalabe, ki sauke gilashin akwatin, ki buɗe tagogi, ki fita ki sha iska. Ki liƙa ɗan siririn takarda a bakin gilashin: in tana lanƙwasawa ciki, yana ja.

Batun yatsu, laifin safar ne. Siririyar safar naitiril, shuɗiyar nan da kowa yake sawa, etil asitet yana ratsa ta cikin 'yan mintuna, ta lates ma ba ta fi ta ba. Sai ya zauna tsakanin roba da fata yana tsotse maiƙon fatar, shi ne farin da kike gani, in aka daɗe sai tsagewa. Da ya ɗiga a kan safar ki cire ta nan take, ki wanke hannu da ruwa da sabulu, ki sa sabuwa. In aikin na tsoma hannu ne sosai, safar roba mai kauri da ake kira butil ake nema. Tabarau na kariya kuwa ba a tsallake shi. In ya fantsama a ido, ruwa mai gudana na minti 15, sannan asibiti. In wani ya haɗiye shi, kada a sa shi amai, a kai shi likita da sunan sinadarin a rubuce.

Akwai wani abu da na ga ɗalibai mata ba a cika faɗa musu ba: bakin hijabi ko mayafi a cusa shi cikin rigar aiki, kuma gara na auduga. Yadin leda yana tara tartsatsin nan da kike ji a jikinki lokacin hunturu, in kuma ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata.

Wajen girgiza mazurarin rabewa, wato gilashin nan mai murfi da famfo da ake raba ruwa biyu da shi, ki kifa shi ki buɗe famfonsa a kai a kai don iskar da ta taru ta fita, bakin yana kallon cikin akwati, ba fuskar wani ba. In kin wanke da sodiyam bikabonet sai ki ninka kula, domin iskar kabon tana iya cilla murfin.

Kada ki sa shi a firjin gida, maɓallin cikinsa yana tartsatsi. Kada ki juye shi a gorar ruwan sha: fari ne tas kamar ruwa, kuma yana cin wasu robobin. Ajiyarsa kwalbar gilashi ce mai murfi da suna a jiki, nesa da rana, nesa da asid ɗin naitirik da famanganet da sauran masu ruruta wuta, nesa da soda mai ƙarfi. Ragowarsa ba ta shiga magudanar ruwa, kwalbar shara ta sinadarai take zuwa. In ya zube kaɗan, a kashe duk wata wuta, a rufe shi da yashi a kwashe. In ya kama, tukunyar kashe gobara ta hoda ko ta iskar kabon ake ɗauka. Watsa masa ruwa yaɗa wutar yake yi, tunda a saman ruwa yake tsayawa.

To yaya za ki yi da rabin litar? Ki rufe ta da kyau, ki rubuta sunanki da kwanan wata, ki ba mai kula da ɗakin gwaji ya ajiye a kabad ɗin sinadarai. Kwana biyu ko uku a rufe a inuwa ba zai ɓata miki aiki ba. In injin ya gagara, ki roƙi malaminki ya haɗa miki kayan turarawa, masu mai da sinadarin tururi su sake tara shi a ruwa, da tukunyar ruwan zafi a cikin akwati, ba da harshen wuta ba. Ta haka za ki maido da mafi yawan sinadarin ki sake amfani da shi, ga tsadarsa a yanzu. Ɗan abin da ya rage a gindin kwalba shi za ki juye a ƙaramin faranti ya ƙarasa bushewa a cikin akwatin.