Ya Yi Ajin Kimiyya, Amma Makin Bai Kai Ba: Ina Mafita?

Filin tambaya da amsa kan neman gurbin karatu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandaren kimiyya a nan Kano. Ya yi Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, lissafi, har da lissafi mai zurfi. Ya samu kiredit a dukkansu a WAEC, amma C4 ne da C5 da C6. A JAMB ya ci 192, kuma likitanci yake so. Shin jami'a ba ta la'akari da wahalar darussan da yaro ya ɗauka ne? (Wani uba daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gara mu gaya maka gaskiya tun da wuri: a tsarin ɗaukar ɗalibai na Najeriya babu wani maki da ake ƙara wa yaro don darussansa sun fi wuya. Abu uku ake dubawa: kiredit biyar a darussan da kwas ɗin ke nema, ciki har da Turanci da lissafi a fannin kimiyya, makin JAMB cikin 400, sai jarrabawar tantancewa ta jami'ar, wato Post-UTME. Lissafi mai zurfin nan da ya sha wahala a kai, a yawancin kwasa-kwasai ba ya ma cikin biyar ɗin da ake ƙirgawa.

Kowace jami'a da yadda take haɗa makinta. Ɗauki tsarin Jami'ar Legas don ka ga yadda lissafin yake tafiya: ana raba makin JAMB da 8 a samu kaso 50, Post-UTME na da 30, sakamakon sakandare na da 20, inda A1 ke da maki 4, C4 na da 2.8, C5 na da 2.4, C6 kuma 2. Makin ɗanka 192 ya zama 24 ke nan. Idan yana da C4 ɗaya, C5 biyu, C6 biyu, ya samu 11.6. Ko da ya cinye Post-UTME duka, 65.6 zai tashi da shi, kuma wannan ba makin likitanci ba ne. Ga shi kuma hukumar kula da aikin likitanci ta ƙasa, wato MDCN, tana ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa har waɗanda suka ci maki mai yawa ake bari a waje. Kada kuma mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a ƙasa, wanda a 2025 aka yanka 150 ga jami'o'i, ya ruɗe ku. Wannan izinin neman gurbi ne kawai. Kowane sashe yana da nasa makin.

To amma wahalar da ya sha ba ta tafi a banza ba. Amfaninta shi ne yawan ƙofofin da za su buɗe masa. Da waɗannan kiredit zai iya neman aikin gona, kimiyyar ƙananan halittu, Kemistiri, kimiyyar dabbobi, kiwon kifi, gandun daji, ko koyar da kimiyya, alhali ɗan ajin adabi ba shi da hanyar tsallakowa nan. Manufar gwamnati ma ta ware wa kimiyya kashi 60 na gurabe a jami'o'in gama-gari, sauran fannoni 40.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne haɗin darussan JAMB. Mai neman likitanci yakan rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Babu lissafi a ciki. Saboda haka bana ba zai iya komawa injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta ba, ko da yana da kiredit a lissafi. Aikin gona da kimiyyar halittu kuwa sun dace da haɗin nasa. Ku buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB ku duba kafin ku biya kuɗin canji, ku yi canjin a ofishin JAMB ko cibiyar da ta amince da ita, kuma ku yi shi kafin jami'ar ta rufe rajistar Post-UTME. Jami'o'i da yawa wanda ya sa su a zaɓin farko kawai suke dubawa.

Zaɓin jami'a ma yana da nasa lissafin. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe uku: kashi 45 bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce an bari a baya wajen ilimin boko, waɗanda mafi yawan jihohin Arewa suke ciki. Cunkoso ya fi yawa a Bayero da Ahmadu Bello. Jami'o'in tarayya na Dutse, Dutsin-Ma da Kashere da aka kafa a 2011, da na Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa na 2013, da na jihohi irin su Wudil da Kafin Hausa, sun cancanci ku duba su da idon basira. Abu ɗaya kawai muke ja muku kunne a kai: maganar nan ta “shiga Bayoloji tukuna, daga baya ka koma likitanci” ta yaudari yara da yawa. Inda ma ake yarda da hakan, gurbin kaɗan ne ƙwarai kuma sai mai sakamako na ƙoli. Ya zaɓi kwas ɗin da zai iya gamawa da daɗin rai idan canjin bai yiwu ba.

Tambaya: Malamai, na rubuta JAMB sau biyu, 171 da 178. A makaranta ina cikin na gaba-gaba a Kemistiri da Fiziks, kuma kiredit ɗina sun cika. Wasu sun ce in yi IJMB, wasu sun ce in sake JAMB. Wanne ya fi? (Wata ɗaliba daga Funtuwa)

Amsa: 'Yarmu, fara gano abin da yake kayar da ke. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 a Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Ɗalibar da ta saba warware lissafin Fiziks layi-layi a takarda tana iya sanin amsa sarai, lokaci ya ƙare mata. Gwada kanki: ɗauki tambayoyin shekarun baya ki amsa ba tare da agogo ba, sannan ki amsa wasu irinsu a kwamfuta da agogo. Idan tazarar tana da faɗi, matsalarki sauri ce, kuma atisaye na 'yan watanni yana gyara ta. Duba kuma makin kowane darasi daban. Sau tari Turanci ne yake jan ɗaliban kimiyya ƙasa. Kuma ba ke kaɗai ba ce: a sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, sama da mutum miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai 200 ba.

A ganinmu, mai tushe mai ƙarfi irin naki IJMB ta fi yi mata adalci. Jami'ar Ahmadu Bello ce ke kula da jarrabawar. Ana karanta darussa uku a zurfafe na kimanin shekara guda, akwai rubutu mai tsawo da aikin ɗakin gwaji, wato irin wurin da sanin abu yake bayyana. A kowane darasi, sakamakon A yana da maki 5, B 4, C 3, D 2, E 1, kuma akan ƙara maki 1 ga wanda bai faɗi ko ɗaya ba, jimillar ƙoli 16. Da wannan sakamakon ake sayen fom ɗin DE na JAMB a nemi shiga aji biyu kai tsaye, don haka shekarar ba ta ɓata ba. A garinku ma akwai makarantar share fage ta ABU. Takwarar IJMB, wato JUPEB, ta fi ƙarfi a jami'o'in Kudu.

Ga inda abin yake lalacewa. Wasu sukan shiga cibiyar da ba ta da rajista, su biya kuɗi, a ƙarshe ba sakamakon da JAMB za ta iya tantancewa. Wasu su zaɓi darussa ukun da ba su dace da kwas ɗin da suke so ba: mai son harhaɗa magunguna Fiziks, Kemistiri da Bayoloji take buƙata, mai son injiniyanci kuma lissafi, Fiziks da Kemistiri. Guraben DE sun fi na aji ɗaya ƙaranci, musamman a fannin lafiya, don haka ki tambayi sashen da kike so makin da suka ɗauka bara tun kafin ki fara. Sannan JAMB ba ta yarda mutum ya yi rajista biyu, ta UTME (wato jarrabawar JAMB da aka saba) da ta DE, a shekara guda ba, sai dai tana da tsarin mayar da rajistar UTME zuwa DE. IJMB kuma ba ta rufe giɓin kiredit ɗin sakandare.

Tambaya: Na ci 231 a JAMB, ina da B3 a Fiziks da lissafi, amma D7 na samu a Turanci. Zan samu injiniyanci? (Wani ɗalibi daga Azare)

Amsa: Da D7 a Turanci, a'a. Amma gyaranka ya fi na kowa sauƙi. Injiniyanci a yawancin jami'o'i yana karɓar zama biyu, don haka idan kana da kiredit a Turancin NECO, haɗa shi da WAEC ɗinka. In babu, akwai jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC da ta NECO a ƙarshen shekara. Sai dai makin JAMB na shekara ɗaya ne kawai. Idan sakamakon ya fito bayan jami'a ta gama ɗauka, 231 ɗin ya tafi. Da zarar ya fito, je cibiyar JAMB a ɗora shi a manhajar CAPS, wadda JAMB ke raba gurabe ta cikinta, domin wanda babu sakamakonsa a can ba a ba shi gurbi. Tabbatar sunanka da ranar haihuwarka sun zo ɗaya a WAEC, NECO da NIN. Ka kuma guji cibiyoyin da ake cewa “ana taimakawa”: idan aka kama su, sakamakon ɗalibansu ake riƙewa, har da na wanda bai ji ba bai gani ba.

Tambaya: Yarona ya samu gurbin difloma a fannin lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha, amma mahaifinsa ya ce ko jami'a ko ya zauna ya sake JAMB. Wannan ce shekara ta uku. (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, ki lallaɓa maigida da wannan bayanin. Diflomar ND shekara biyu ce. Ana auna ta a kan ma'aunin 4.00: daga 3.50 zuwa sama shi ne mafi daraja, 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit. Jami'o'i da dama suna karɓar mai babban kiredit zuwa aji biyu ta hanyar DE, a fannin da ya yi. Yaron da ya sha Fiziks da lissafi a sakandare yana da kyakkyawar damar kaiwa 3.00 idan ya dage tun zangon farko, domin makin taruwa yake yi, kuma wanda ya yi sake a farko da ƙyar yake farfaɗowa. In kuma bai koma jami'a ba, bayan shekara guda ta koyon aiki sai ya yi HND shekara biyu, ya tafi bautar ƙasa.

Damuwar mahaifinsa tana da tushe, domin har yanzu akwai ma'aikatun da ke fifita digiri a kan HND. Amma a auna wannan da shekara ta uku a zaune a gida, inda karatun da yake kansa yake zubewa a hankali. Da babu gara ba daɗi, balle wannan hanya ce da ke iya ɓullewa jami'ar. Ya karɓi gurbin a CAPS da kansa, kada ya ba wani lambar sirrinsa.

Tambaya: Wani ya ce zai samar wa ƙanena gurbi a Kwatano ba tare da JAMB ba, wani kuma ya ce a Amurka suna duba wahalar darussa. Me kuka gani? (Wani ɗan kasuwa daga Sakkwato)

Amsa: Alhaji, batun Kwatano ka taka a hankali. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ya samu digiri cikin makonni shida. Daga baya tsirarun jami'o'i kawai ta ce ta amince da su. Kafin ka biya ko sisi, nemi tabbaci daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya cewa jami'ar tana cikinsu.

Maganar Amurka gaskiya ce. Can ana karanta sakamakon kowane zango na shekarun sakandare, ana duba ko ɗalibi ya ɗauki darussa mafi wuya da makarantarsa ke da su, da ko makinsa hawa yake yi ko sauka, a haɗa da rubutun da ya yi game da kansa da wasiƙun malamansa. Akwai kuma kwalejojin al'umma na shekara biyu masu sauƙin shiga, da ake tsallakawa jami'a daga cikinsu. Cikas ɗin kuɗi ne. Tallafi mai tsoka ga ɗalibin waje yawanci masu sakamako na ƙoli yake zuwa wa, kuma makaranta ba ta ba da takardar I-20 ta neman biza sai an nuna mata kuɗin shekarar farko. Dokokin biza ga 'yan Najeriya ma sun tsananta tun 2025, don haka fara tuntuɓar cibiyar EducationUSA a Abuja ko Legas, ba dillali ba.

A gida ma haka: duk gurbin da bai fito a CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma sunan ɗalibin ba zai shiga jerin da ake amfani da shi wajen tura masu bautar ƙasa ba. Idan wani ya ce ya samo wa ƙanenka gurbi, ku buɗe shafinsa na JAMB ku gani da idonku, ya danna karɓa, ya fitar da takardar shaidar ɗauka daga can, sannan a yi maganar kuɗin makaranta.