Likita, Sati Nawa Kafin In Ga Canji?

Kowace shekara haka take a Yamai. Sanyi na shigowa a Disamba, sai ka ga bakin filin wasa na Seyni Kountché da gadar Kennedy sun cika da masu tafiya da masu sassarfa tun kafin gari ya waye. Zuwa Maris, lokacin da zafi ya fara leƙowa, rabinsu sun koma gado, sauran kuma suna rubuto mini ƙorafi. Ga wasu daga cikin tambayoyin da suka taru.

Likita, shekarata 43, aikin biro nake yi, daga moto sai kujera, daga kujera sai moto. Yau sati uku ina zagaya filin Seyni Kountché bayan sallar asuba, minti 30, kwana huɗu a sati. Na hau ma'auni, kilo 91 ɗina na nan daram, tumbin ma bai san ina yi ba. Sai yaushe? (Daga unguwar Bukoki)

Malam, ma'auni ka tambaya abin da bai sani ba. Jiki daga ciki yake fara gyara, kuma abin da ido ke gani shi ke zuwa a ƙarshe, kamar yadda magini ba ya yaɓe sai katanga ta tashi.

A kwanaki goma zuwa sati biyu na farko, ruwan da ke cikin jininka ne ke ƙaruwa. Da jini ya ƙaru, zuciya na tura mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta buƙatar yin sauri kamar da. Wannan ruwan ma yana da nauyi, shi ya sa wasu ke ganin kilo ya ɗan hau a farko, hankalinsu ya tashi a banza. Daga sati huɗu zuwa shida, ƙananan jijiyoyin jini na yaɗuwa cikin naman ƙafa, naman kuma ya ƙara iya amfani da iskar da ake kai masa. A nan ne za ka hau bene ka isa sama ka yi sallama ba tare da ka tsaya neman numfashi ba. Tsakanin sati 8 da 12, mutumin da da can ba ya komai yakan ƙara ƙarfin numfashi da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Wannan matsakaici ne. An yi wani babban bincike a Amurka da Kanada mai suna HERITAGE, inda aka sa ɗaruruwan mutane horo iri ɗaya a kan keke har sati 20. Wasu sun ƙaru ƙwarai, wasu ɗan kaɗan, kuma an ga abin yana bin gida. To kada ka auna kanka da abokin zagayenka.

In kana son shaida, ga wadda ba ta cin ko dala. Gobe da ka farka, kafin ka sauko daga gado, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugun minti ɗaya. Na baligi yana tsakanin 60 da 100. Rubuta shi a bayan kalanda. Ka sake bayan wata ɗaya, sannan bayan wata biyu.

Maganar tumbi kuwa lissafi ce, kuma lissafin ba shi da daɗi. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kamar 7,700. Mai nauyinka, in ya yi tafiyar sauri ta minti 30, yana ƙone wajen 180. Fitarka 12 ke nan, wato kalori 2,000 da ɗan wani abu, ko kashi ɗaya cikin uku na kilo bai cika ba. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 33 tana mayar da kusan 140. Ban san ko kana zaman fada ba, amma in kana yi, ka tsaya ka kalli hannun mai dafa shayi lokacin da yake zuba sukari a buta ta biyu da ta uku. Na ga mutane da yawa da ke zubar da gumi da asuba, su je su karɓo shi da dare a ƙaramin kofi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa nama. Kai kana kan 120. Ƙara kwana ɗaya. Ka ari awon tela ka auna ƙugunka daidai cibiya. Ga namiji, daga santimita 94 ne ake fara damuwa, ga mace 80. Sau da yawa ƙugu na riga ma'auni motsi. Ka ba shi wata uku, tare da rage sukari da tuwon dare.

Likita, ni ɗan shekara 21 ne. Na aje takardu don shiga aikin kaki, an ce akwai gudu a jarrabawar, saura wata ɗaya. Rabona da gudu tun ina lakwal. Abokaina sun ce in riƙa gudu safe da yamma kullum, wani kuma ya ce akwai ƙwaya da ke hana gajiya. (Daga Tawa)

Ƙanena, ba a fafe gora ranar tafiya, amma wata ɗaya ba a raina shi ga mai shekara 21.

Ka tuna Hamadou Djibo Issaka, ɗan ƙasarmu da ya shiga tseren kwale-kwale na mita 2,000 a wasannin Olimpik na Landan a 2012? Wata uku kacal da fara tuƙin, kodayake da ma mai iyo ne. Ya kai ƙarshen tseren, turawa na ta yi masa tafi, amma shi ne na ƙarshe, da ratar fiye da minti ɗaya. Abin da ɗan gajeren lokaci ke bayarwa ke nan: ya kai ka bakin layi. Kai ma abin da kake nema ke nan.

Shawarar safe da yamma kullum, ka bar ta. Zuciya da huhu na saurin sabawa, amma ƙashi da jijiyar agara na ɗaukar watanni. Mai yin haka a sati na biyu yake fara jin ƙwauri na zogi, a na uku yana ɗingishi, wani ma ƙashin ya tsage a hankali bai sani ba. Yi gudu kwana uku ko huɗu a sati, da hutu a tsakani. Satin farko, gudun minti biyu, tafiyar minti ɗaya, har minti 20. Sati na biyu ka tsawaita gudun. A na uku, ware rana ɗaya: minti ɗaya da ƙarfi, minti biyu a hankali, sau shida. Kwana biyu ko uku kafin jarrabawa ka sassauta sosai, ka yi barci. In akwai pomp a jarrabawar, wato dafa ƙasa da hannu ana ɗaga jiki ana saukewa, ka fara yau, rana bisa rana. Za ka ga adadin na hawa da sauri tun kafin dantse ya ƙara kauri, don a sati huɗu zuwa shida na farko jijiyoyin da ke ba nama umarni ne ke koyon aikin. Kaurin nama sai wajen wata biyu zuwa uku.

Sai zafi. Ka san Afrilu a Tawa ba wasa ba ne, ma'aunin zafi na haura 40. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, saboda haka in da hantsi za a yi gudun, ka fara matso da horonka wajen wannan lokaci sannu-sannu, da ruwa a hannu. Jiri, amai, ko mutum ya fara magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi asibiti da shi nan take.

Ƙwayar nan kuma, na san tramol ake nufi. Ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan. Tana rufe bakin ciwo ne, ga shi tana iya kayar da mutum da farfaɗiya, kuma tana kama mai shan ta. Wanda ya ba ka shawarar ba zai je ya kwanta a gadon asibiti a madadinka ba.

Likita, shekarata 57, ina da hawan jini da ciwon sukari, ina shan magani shekara shida. Na gaji da ƙwayoyi. In na dage da tafiya, bayan wata nawa zan bar su? Kuma aikin gida ba ya isa? (Wata Hajiya daga Talaje)

Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi tafiyar, amma kada ki aje ko ƙwaya ɗaya da kanki.

Ga mai hawan jini, motsa jiki akai-akai yana sauke lambar sama ta awon jini da kamar 5 zuwa 8, a awon da ake cewa 150. A yadda muke faɗin tansiyo a nan, wato daga 15 zuwa wajen 14 da rabi. Kamar ƙarami ne, amma yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ana fara ganinsa cikin wata ɗaya zuwa uku. Sukari ya fi saurin amsawa. A ranar da kika yi tafiya, naman jiki na jan sukari daga jini, kuma amfanin kan kai kwana ɗaya zuwa uku sannan ya gushe. Shi ya sa muke cewa kada a tsallake fiye da kwana biyu a jere. Tafiyar minti 10 ko 15 bayan cin abinci, ko a tsakar gida ce, tana da tasiri. Akwai awon jini da ke nuna yadda sukari ya zauna cikin wata biyu zuwa uku, HbA1c. In kin yi wata uku kina tafiya, ki je da sakamakonsa wurin likitanki. Shi zai ga ko akwai abin ragewa. Wasu an rage musu, da yawa kuma maganin na nan, sai dai ya fi yi musu aiki.

In kina allurar insulin ko kina shan ƙwayar ciwon sukari mai suna glibenclamide, ki ƙulle dabino uku ko ƙwayar sukari uku a bakin mayafi. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam: ki zauna ki ci. Ki sa takalmi rufaffe, ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare. Ranar da awo ya kai 18/11, ko kika ji nauyi a ƙirji, wannan ranar asibiti ce.

Aikin gida kuwa, wane iri? Daka, jan ruwa a rijiya, wanki da hannu, duk motsa jiki ne na gaske. Zama kan tabarma ana aiken jikoki bai shiga lissafi ba, Hajiya, ki yi mini afuwa. Ma'aunin mai sauƙi ne: numfashi ya ɗan hau, kina iya hira da maƙwabciyar da kuka fita tare, amma ba za ki iya rera waƙa ba.

Na buga ƙwallo ranar Lahadi bayan shekara biyu ban taɓa ba. Yau Talata ko ruku'u da kyar nake yi. Na ji ciwo ne? (Daga Yantala)

Tsamin jiki ne, ɗan'uwa. Yakan fi tsanani tsakanin awa 24 da 72, ya wuce cikin sati. Ka ɗan taka, kada ka kwanta. Lahadi mai zuwa ba zai kai haka ba. In ciwon a gaɓa ɗaya yake da kumburi, ko fitsari ya koma kalar shayi mai duhu, ka je a duba ka yau.

Likita, na yi wata biyar ina gudu, sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, daga nan kuma tafiya ta kama ni. Sati shida ban fita ba. Da na koma, kamar ban taɓa yi ba. Duk wahalar ta tafi ke nan? (Malamar makaranta, Harobanda)

Malama, ba duka ba, amma gaskiya jiki ba ya ajiya mai tsawo. Ruwan jinin nan da ke zuwa da wuri shi ke fara tafiya, kuma daga sati biyu zuwa huɗu numfashi ke fara gajarta. Ƙarfin nama ya fi jimawa.

A 1966, a birnin Dallas na Amurka, an kwantar da samari biyar ƴan shekara 20 a gado har sati uku. Ƙarfin numfashinsu ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka tarar kwanciyar sati ukun nan ta fi shekarun 30 yi musu illa. Abin da ya fi burge ni shi ne horon sati takwas da aka yi musu bayan kwanciyar ya mayar da abin da suka rasa.

Wanda ya taɓa yi ya fi sabon shiga saurin komawa. Ki fara da rabin abin da kike yi a da, ki riƙa ƙarawa kowane sati. Wata ɗaya zuwa biyu ya kamata ki kusa inda kika tsaya. Sai dai zazzaɓin sauro na cin jini. In har yanzu kina haki fiye da kima, ko cikin idonki ya yi fari, a auna jininki tukuna.

Ina ganin wasu na ɗaura leda a ciki ko su sa rigar sanyi suna gudu don su yi gumi. In yi? (Daga Lazare)

A'a. Gumi ruwa ne da gishiri, kitse ba ya fita ta fata. Kilon da ya sauka bayan gudun, randa za ta mayar maka da shi kafin azahar. A zafin Yamai kuwa, leda na hana gumin bushewa, alhali bushewar gumin ce hanyar da jiki ke huce kansa, kuma ƙoda ce ke biyan bashin. Sa riga mara nauyi mai haske, ka fita tun rana ba ta ɗaga ba.