Ta yaya za a gane tsarin rage kashe kuɗin lafiya ya yi aiki?

Malam, ka tambayi yadda ake auna tsarin da jiha ke kawowa don taka wa kashe kuɗin lafiya birki. Ni dai ba na yarda da kasafi kaɗai. Kuɗi na iya raguwa a takardar gwamnati, nauyin ya koma aljihun talaka.

A jihar Massachusetts ta Amurka, dokar 2012 ta sa iyakar ƙaruwar kuɗin lafiya a kashi 3.6 cikin ɗari a shekara. Su yawa ne ya dame su. Mu a Kaduna ƙaranci ne, shi ya sa ake ta maganar yarjejeniyar Abuja ta 2001, wadda ƙasashen Afirka suka yi alƙawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu.

Abin dubawa a wajenmu shi ne inshorar lafiya irin ta KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, inda ake ba ƙaramin asibiti ƙayyadadden kuɗi kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba. Hakan na rage gwajin banza, amma yana iya jawo rowar magani.

Don haka ka je tagar karɓar magani a asibiti da safe, ka ƙirga masu katin inshora nawa ake miƙa wa takarda a ce, "Baba, sai dai ka saya a waje."