Makulli shi ne na ƙarshe

Ɗana na ga saƙonka. Ka ce Baba ƙaƙa zan gaya ma babban mutum, fasto ko dattijon ikilisiya, dokar gidan ja da baya don addu'a ba tare da na ci mishi fuska ba, tunda ka ce ma wani fasto ƙarfe goma ake kulle ƙofa ya dube ka sama da ƙasa ya ce ko ka san shi wane ne.

To yaushe ka gaya mishi? Ka gaya mishi ne bayan ya kwana biyu, shina tsaye bakin ƙofa ƙarfe sha ɗaya na dare, gardi na ji, direbanshi na ji. Nan ko ni ne sai raina ya ɓaci. Dokar gida ran zuwa ake faɗinta, tun makulli na hannunka. Muddin makulli ya shiga aljihun baƙo to ɗaki ya zama nashi, duk abin da ka faɗa bayan nan faɗa ne a kunnenshi.

Amma kuma kar ka tarbe shi da takarda. Mutum ya taso daga Yamai tun asuba, kilomita sama da 500, ya bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ya karya Tsarnawa ya yo arewa har Tawa, ƙafafu sun kumbura, ƙura har cikin kunne. Ka amshi kaya, ka ba shi kujera cikin inuwa, ruwan sanyi, ku gaisa sosai, ina gajiya ina mutan gida. Sai ya aje kofi ya yi ajiyar zuciya sannan ka jawo littafi.

Fishi dai, takardar rajistar baƙo, ba a tsallake ta ko ga wa. Suna, lambar kart, inda ya fito, kwana nawa, da lambar wani nashi da za a kira in wani abu ya faru. In ya ce ai an san ni, ka ce Baba an san ka ƙwarai, hukuma ce ke son ta san wanda ya kwana, in sunka zo duba littafi ni za a tambaya. Kuma gaskiya ce ba dabara ba. Jaharmu ga yadda take, Tiliya da Tasara a 2017 anka sa su cikin dokar ta-ɓaci, kuma wanda ya ga abin da anka yi ma majami'u a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015 ba ya wasa da sanin wa ke kwana cikin gidan ikilisiya. In baƙon ɗan wata ƙasa ne, fasfo, kuma ka sanar da shugaban gida nan take, kar ka bari sai gobe.

Sauran dokokin ka faɗe su da dalilinsu, kar ka karanto kamar sanarwa. Babba cikinsu shiru ne. Nan ba otel ba ne, mutane sun baro gidajensu ne don addu'a da azumi da nazari, wani ma da nauyi a zuciya ya zo wanda bai gaya ma kowa ba. Shi ya sa ƙarfe goma ake kulle ƙofa, ake rage murya, ba a buɗe muryar waya a baranda. Mutum ɗaya mai kallon bidiyon Facebook da ƙarfi ya isa ya tada layin ɗakuna gaba ɗaya, kuma ba shi za a zarga ba, kai ne.

'Yan ƙungiyar waƙa su ne aikinka na gaske. Matasa su zo da ganga da fiyano da bafful, suna so su raba dare suna yabo, kuma ba laifi sunka yi ba, abin da ya kawo su ke nan. Tun ran farko ka zauna da shugabansu ku yanka lokaci. Ka gaya mishi bayan katangar nan Musulmi ne maƙwabtanmu, da ka ji kiran salla a rage sauti har a idar, musamman magariba da isha'i. Wannan ba a rubuce take ko'ina ba amma ni na fi riƙe ta da waɗanda anka manna a bango, don ran da fanfo ya ƙafe gidajensu muke aika yara da bido, kuma in baƙuwar fuska ta cika zagaya ƙofarmu su ke fara gaya ma gardi.

Giya da taba babu, har cikin ɗaki, ka faɗa sau ɗaya ka wuce. Ɓangaren mata daban na maza daban, in taron matasa ne kowane ɗaki da babba guda da ke kwana ciki. Mata da miji kuma, don Allah kar ka ce ma mutum ya kawo takardar aure a bakin tebur, cin mutunci ne. Tun wurin kama ɗaki ake tambaya, wa da wa za su zo, wace ikilisiya ta turo su, sai fastonsu ya tabbatar. Wanda ya faɗo da dare ba wanda ya san shi ya ce matata ce, ka ce gida biyu gare mu, ga na mata ga na maza, da safe shugaba zai gan ku. Mai gaskiya ba ya jin zafin wannan sosai.

Zancen wuta kar ka yi alkawarin da ba ka iya cikawa. Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, lokacin ne kowa ke jan kuran Nigelec kuma lokacin ne ta fi ɗaukewa. Ka gaya mishi sarai daga ƙarfe kaza zuwa kaza ake tada gurup, ba ya ɗaukar kilim duka, fanka ce ke kwana kan batirin sola, saboda haka ba a jona ayan ko abin dafa ruwa cikin ɗaki. Ka nuna mishi bokitin da ka cika a bayi ka ce wannan na ko-ta-kwana ne. Ka sauke sange da hannunka a gabanshi, ka ɗaga shi ga haske ka duba ko da huda, in akwai ka canza nan take, ka cusa bakinshi ƙarƙashin katifa, balle Agusta da Satumba da sauro ke cin kasuwarshi.

Za ka samu baƙi da ba masu bi ba, masu saukowa daga Abalak ko Agadas da marar lafiya za su asibitin Galmi, wanda mishan na SIM sunka buɗe tun 1950. In akwai wuri kuma shugaba ya yarda ka sauke su, doka ɗaya, ka ba su buta da tabarma mai tsabta ka nuna musu gabas.

Kuɗɗi a taƙaice: abans kafin a riƙe ma ƙungiya ɗakuna, resi ga kowane dala, lokacin sakin ɗaki a faɗe shi tun farko. Wanda ya ce a rage mishi tunda bawan Allah ne, ka ce ragi na kwamiti ne Baba, ni alƙalami kawai ke hannuna. Kar ka rage ma wani da kanka, gobe duk jahar ta ji.

Shi kuwa fastonka na yanzu, ka bari sai da safe ya karya kumallo, ka iske shi shi kaɗai, ka rusuna ka gaishe shi. Ka ce Baba jiya ba a yi maka bayani ran zuwa ba shi ya sa, ƙofa ƙarfe goma ne saboda masu addu'a da kuma tsaro, amma in wa'azi zai kai ka dare ka gaya min tun da rana in rubuta ma gardi sunanka da lokacin dawowarka. Ka ba shi lambar gardin. In ya ƙi duk da haka kar ka ja da shi, ka rubuta cikin littafi ka kai ma shugaban gida, su manya su yi tsakaninsu.