Tambaya da Amsa: Ƙarfen da ke ƙara kauri idan an ja shi, ya kai a dasa shi a jikin mutum?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Likitoci sun ce za a sauya wa mahaifina gaɓar ƙugu da ta ƙarfe. Wani ɗan'uwanmu ya ce mu dakata, wai an ƙirƙiro wasu kaya da ake kira ogzetik waɗanda ke kama ƙashi su ƙi saki. Mene ne su, kuma mu jira ko a yi aikin? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku jira. Amma ɗan'uwan naku ba shaci-faɗi ya yi ba, abin akwai shi.

Ki ɗauki roba ki ja ta. Tana ƙara tsawo tana sirancewa. Kusan duk abin da muke taɓawa haka yake, kuma injiniyoyi na auna wannan sirancewa da ma'aunin Poisson, sunan wani masanin lissafi ɗan Faransa. Na roba ya kusa 0.5, na ƙarfe wajen 0.3. Kayan ogzetik nasu ma'aunin yana ƙasa da sifili: a ja su, su ƙara faɗi, a danne su, su tsuke ta kowane gefe. A 1987 Roderic Lakes na Jami'ar Iowa a Amurka ya sarrafa soso ya fito da wannan hali, a 1991 kuma Ken Evans na Ingila ya raɗa musu sunan.

Sirrin yana ga yadda aka tsara cikin abin. Kina iya gani da idonki. Samu takarda mai ɗan kauri, ki zana layuka su raba ta gida-gida masu kusurwa huɗu, ki tsattsaga da reza, tsaga ɗaya a tsaye, ta kusa da ita a kwance, ki bar gidajen a haɗe ta kusurwoyinsu kawai. Ja ta a hankali. Kowane gida zai ɗan juya, ramuka su buɗe, takardar ta ƙaru ta tsawo da faɗi lokaci guda. Takarda ce dai, yanka ne ya sauya mata hali. Haka ake yi da ƙarfen titaniyam ko leda, sai dai da hasken leza ko injin da ke gina abu hawa-hawa daga garin ƙarfe.

To, mu zo ga ƙugun Baba. Gaɓar da ake dasawa tana da sanda da ke shiga cikin ƙashin cinya. Nauyin mutum ba ya sauka a tsakiyarta, a gefe yake sauka, don haka duk taku sai ta ɗan lanƙwasa. Gefen ciki yana matsuwa, ya kumbura, ya danni ƙashi. Gefen waje kuwa jansa ake yi, sai ya sirance ya ja baya daga ƙashin. Ratar ba ta kai a gani da ido ba, amma ta ishi ɓurɓushin da gaɓar ke zubarwa ya shiga, jiki ya tayar da kumburi, ƙashin wurin ya fara zaizayewa, sandar ta soma girgiɗi. Wannan na cikin manyan dalilan da ke sa a sake buɗe mutum bayan shekaru.

A 2018 masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan, ƙarƙashin Amir Zadpoor, suka yi dabarar da har yau take burge ni. Suka gina sanda mai hali biyu: tsarin ogzetik a gefen da ake ja, tsarin saƙar zuma na yau da kullum a gefen da ake matsa. Da ta lanƙwasa, sai gefunan biyu duka suka danni abin da ke kewaye da su. Ki lura da kyau, abin da ke kewaye da su wani soso ne mai kwaikwayon ƙashi, a ɗakin gwaji.

Ana gwada dabarar a wasu wurare ma. Ragar da ake sa wa jijiyar jini don ta zauna a buɗe takan gajarce idan an buɗa ta, ta kauce daga inda likita ya nufa. Ta ogzetik ba ta yin haka. A 2011 a Jami'ar Sheffield an yi irin wannan bututu da leda don masu ciwon dajin maƙoshi. A 2018 a Kwalejin Imperial ta Landan an yi faci na zuciya da haɗin abu biyu, ɗaya daga ɓawon jatan lande da danginsa ake samunsa, ɗayan leda ce mai ɗaukar lantarki, aka gwada a jikin ɓeraye.

Abin da ke hana ni rawar jiki shi ne gajiyar ƙarfe. Duk wannan hali ya dogara ne ga 'yan siraran kusurwoyi da ke buɗewa suna rufewa. Wayar ƙarfe in kika yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya, kin san ƙarshenta. Mai tafiya yana ɗora wa ƙugunsa nauyi sau miliyan ɗaya zuwa biyu a shekara, zuciya kuma tana bugawa kusan sau 100,000 a rana. Sannan ana son ƙashi ya tsiro ya cike ramukan don gaɓar ta kafu. To idan ya cike su, da me gidajen za su juya? Ga kuma wahalar kakkaɓe garin ƙarfen da ke maƙalewa a lungunan, waɗanda ƙwayoyin cuta ma suke so.

Haɗa abu biyu kuwa yana da nasa tarihin. A shekarun 1970 an zuba zaren kabon a cikin ledar gaɓar gwiwa don ta ƙara ƙarfi. A ɗakin gwaji ta yi kyau. A jikin mutane zaren ya riƙa rabuwa da ledar, ta riƙa cinyewa da wuri, aka daina amfani da ita. Shi ya sa hukumomi ba sa amincewa da sabon abu sai ya bi gwajin dacewa da jiki, da na gajiya, da na dabbobi, sannan na mutane, kuma wannan shekaru yake ci.

Gaɓoɓin ƙugu da ake dasawa yanzu an daɗe ana bin diddiginsu. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 89 cikin 100 suna kai shekara 15, kusan kashi 58 kuma shekara 25. Jira kuwa naman cinyar Baba zai cinye, ya sa tashi bayan aikin ya fi wuya. Idan kun koma wurin likita, ki tambaye shi wace iri zai sa, da siminti za a kafa ta ko ƙashi ne zai kama ta da kansa, shekara nawa aka yi ana amfani da ita, da kuma ranar da Baba zai fara gashi da atisayen tafiya.