Tambaya da Amsa: Mai Ɗaukar Fim ɗin Namun Daji da Shakkar Kansa

Wasiƙun wannan fitowa sun zo ne daga masu ɗaukar bidiyon tsuntsaye da dabbobi, kuma kusan duk ciwonsu ɗaya: gwiwa ta yi sanyi. Mun zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina wannan aiki. Nakan yi kwana biyar ina fita in dawo ba abin kirki a memori. Da na kalli finafinan manyan tashoshi sai in ji ni ba ni da baiwar. In haƙura ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka haƙura tukuna, domin ma'aunin da kake auna kanka da shi bai yi maka adalci ba. Shirin Blue Planet II da BBC ta fitar a 2017 ya ci shekara huɗu, da tafiye-tafiye 125 a ƙasashe 39, da sa'o'i fiye da 6,000 na nitso a cikin teku, amma abin da ya isa ga mai kallo kashi bakwai ne kacal. Kai kana kallon tataccen aikinsu, kana kwatanta shi da ɗanyen naka. Kwanakin da suka dawo hannu rabbana ba a nuna maka su ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wannan jin na "ban cancanta ba, wata rana za a gane ni" sananne ne. Masana halayyar ɗan'adam biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun yi rubutu a kansa tun 1978, kuma a wurin mutanen da suka yi nasara a aikinsu suka same shi. Sanin haka yana sanyaya rai, amma ba ya gyara hoto. Abin da ke gyarawa shi ne ka tilasta wa shakkar ta faɗi takamaiman abin da take nufi.

Sami ƙaramin littafi. Duk fita ka rubuta kwanan wata, lokacin da ka isa, inda iska ke fitowa, yanayin haske, saitin kyamara, da abin da dabbar ta yi da ƙarfe nawa. Sannan duk ranar da ta ɓaci ka jefa ta cikin ɗayan gida uku: dabbar ba ta zo ba, ta zo ban shirya ba, na ɗauka amma hoton ya lalace. Bayan fita ashirin ka ƙirga.

In gidan farko ne ya cika, ba ka gama sanin dabbar ba. Ajiye kyamara kwana uku, ka je da ido da littafi kawai, ka gano inda take shan ruwa da hanyar da take bi. Yawancin dabbobi masu shayarwa da hanci suke gane mutum, don haka zauna inda iska za ta taso daga wajensu ta zo gare ka. Ɗebi ɗan ƙura ka saki, za ka ga inda ta nufa. In gida na biyu ne, ka riƙa isa da minti arba'in kafin fitowar rana, batir cike, memori a share, kyamara tana kan ƙafarta tana fuskantar wurin. Wasu kyamarori suna iya adana 'yan daƙiƙoƙin da suka gabaci danna maɓalli. In taka tana da wannan, kunna shi. Gida na uku kuwa, dubi amsar da ke biye. Za ka lura a cikin gidajen nan babu mai suna baiwa.

Tambaya: Kyamarata mai kyau ce, gilashinta mai jawo nesa ne, milimita 600. Amma hotona kullum rawa yake yi, ga dishi-dishi. Na fara zargin hannuna ne ba shi da sa'a.

Amsa: Malam, hannunka lafiyarsa ƙalau. Dogon gilashi yana ƙara girman dabba, yana kuma ƙara girman kowane motsi naka, har bugun zuciya. A milimita 600 ba mai riƙe kyamara a hannu ya sami bidiyo natsattse na tsawon lokaci. Kana buƙatar ƙafa uku mai nauyi, mai kan da ke juyawa a hankali da taushi. Kada ka ɗaga sandar tsakiyarta, nan ne rawa ta fi shiga. Ɗaura gilashin ne a kan ƙafar ta wuyansa, ba jikin kyamarar ba, ka daidaita nauyin har in ka saki kada ya rinjaya gaba ko baya. Da ka danna, ɗauke hannunka, ka ƙirga goma a zuci kafin ka tsayar. Yawancin masu koyo a daƙiƙa uku suke yankewa, sai a wurin tacewa su rasa abin kamawa.

Dishi-dishin da sauran lalacewar hoto kuma suna da dalilai uku da aka fi gani, kowane da alamarsa. In ciyawar da ke gaban dabbar ta fito tas amma idon dabbar bai fito ba, saitin kai-tsaye ne ya kama ciyawa. Koma saitin hannu, ka sa idon dabbar ya zama ma'auni, ka ɗan tsuke ƙofar haske zuwa f/8 domin zurfin da ke fitowa tas ya ƙaru. Kada ka wuce gona da iri, a f/22 hoton gaba ɗaya laushi yake yi. In kuwa komai na hoton yana ta kaɗawa kamar a cikin ruwa, wannan kawalwalniya ce, zafin ƙasa ke murɗa iskar da ke tsakaninka da dabbar. Babu kwamfutar da ke gyara ta. Maganinta ka matsa kusa, ko ka yi aikinka da sassafe kafin ƙasa ta ɗau zafi.

Na uku shi ne motsi ya riƙa tsalle-tsalle, fiffiken tsuntsu kamar ana yayyanka shi. Nan saurin ƙiftawar kyamara ne ya yi yawa. Ƙa'idar da aka saba bi: in kana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, ƙiftawa ta zama 1/50, in 50 ne, 1/100, in 100 ne, 1/200. Da rana tsaka haske zai yi yawa a wannan saiti, shi ya sa ake ɗaura wa gilashin baƙin tabarau mai rage haske da ake kira ND. Hoto 100 a daƙiƙa in aka kunna shi a 25 zai yi tafiyar hawainiya ninki huɗu, kuma a nan ne tashin tsuntsu ke nuna kyansa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ƙaramar kyamara gare ni, ba ni da halin zuwa gandun daji. Kunya nake ji in kira kaina mai shirya fim.

Amsa: 'Yar'uwa, fara da mazari. Yana da wata ɗabi'a da ke taimakon mai koyo: yakan zaɓi tsinken ciyawa ɗaya a bakin ruwa, ya tashi ya cafke ƙwaro, ya dawo kan tsinken nan dai. Ki kafa kyamara ki saita ta a kan tsinken, ki zauna shiru. Zai sauka, tsinken ya ɗan lanƙwashe, kansa yana juyawa yana bin abin da ke wucewa. Ki ɗauki faɗin wurin duka, sannan shi da tsinkensa, sannan kusa da idanunsa, sannan tsinken shi kaɗai yana lilo bayan ya tashi, sannan fuskar ruwan. Da waɗannan biyar za ki haɗa labarin minti ɗaya mai farko da ƙarshe. A ganinmu wanda ya iya haɗa wannan ya fi wanda ya dawo da hoton zaki guda ɗaya mai kyau da ba abin da za a jona masa.

Kada sautin da kyamara ta kama ya karya miki gwiwa. A manyan finafinan ma, yawancin takun ƙafa da ƙarar tauna daga baya ake sa su, domin gilashi yana jawo nesa, makirufo ba ya iyawa. Ki naɗi sautin wurin daban na tsawon minti biyu ko uku, makirufo a rufe da gashin tare iska, ki shimfiɗa shi a ƙarƙashin hotunan.

Tambaya: Na gama wani ɗan fim tun wata shida, kullum ina sake tace shi, na kasa nuna wa kowa. Kuma wasu sun ce sai na samo hoton 'ya'yan tsuntsu a sheƙa dab da dab kafin a ɗauke ni da muhimmanci.

Amsa: Bayan wata shida idonka ya mutu a kan fim ɗin, ba ka ƙara ganin komai. Zaɓi mutum uku: wanda ya san dabbar, wanda ya san tacewa, da wanda bai san ko ɗaya ba. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, domin za su ce ya yi. Tambaye su a wane minti hankalinsu ya tafi, me ba su gane ba, wane hoto ya zauna musu a rai. Zauna a bayansu kana kallonsu, ka lura da lokacin da hannu ya nufi waya. Abin da biyu daga cikinsu suka faɗa ka gyara. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ka auna. Sannan ka sa ranar fitarwa ka faɗa wa wani, ka ajiye kwafi uku na aikin, ɗaya a wani wuri daban.

Maganar sheƙa kuwa, muna roƙonka ka yi hattara, domin mai shakkar kansa shi ya fi saurin matsa wa dabba don ya nuna ya isa. Uwa in ta tsorata takan bar ƙwai su huce ko rana ta dafa su, kuma reshen da ka kauda don kyamara ta gani shi ne ke ɓoye 'ya'yan daga shaho. A wasu ƙasashe, kamar Birtaniya, sai da lasisi ake kusantar sheƙar wasu tsuntsaye. In dole ne, kafa bukkar ɓuya daga nesa, ka riƙa matso da ita kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, ku shiga ku biyu ɗaya ya fito ya tafi a kan idon tsuntsun, domin ya ɗauka babu kowa a ciki. In uwar ta tsaya a reshe da abinci a baki tana kuka ta ƙi shiga, ka yi kusa da yawa. Tattara kayanka ka ja da baya a lokacin.