Me ya sa maɓallan F suke ƙin aiki, kuma Ctrl ba ya kwafi a Mac?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar lissafi ce a wani ofishi a nan Jos. Na sayi laftof ta hannu ƙirar HP a wani shago kusa da Taminus, tana ɗauke da Windows, daga baya ƙanena ya ƙara mata Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Duk lokacin da na danna F2 ko F4 a Excel, maimakon su yi aikin da na san su da shi, sai hasken fuskar kwamfutar ya sauya ko wani abu dabam ya buɗe. Na kai ta wurin mai gyara ya sake mata Windows, amma ba ta sake zani ba. A ofis kuma an ba ni MacBook, inda Ctrl da C ba sa kwafin komai. Kwamfutocin ne suka lalace, ko akwai yadda zan daidaita su?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Bisa ga bayaninki babu wadda ta lalace a cikinsu. Matsaloli biyu ne mabambanta suka haɗe miki, kuma kowace da inda maganinta yake.

Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 maɓallan F goma gare ta, a jere a gefen hagu, kafin daga baya su zama 12 a saman kibod kamar yadda muka saba gani. Da laftof ta zo da ƙarancin fili, sai masu ƙera ta suka ɗora wa kowane maɓalli aiki biyu: aikinsa na asali, da kuma na rage haske ko ƙara sauti, suka kuma ƙirƙiro maɓallin Fn domin ya raba tsakani. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, a mafi yawan laftof ɗin da ba na Apple ba, Windows ko Ubuntu ba sa ma ganin an danna Fn. Wata ƙaramar manhaja da ke dashe a cikin injin ita ce ke yanke hukunci tun kafin saƙon ya isa gare su. Shi ya sa sake Windows bai tsinana miki komai ba, kuma ko sau goma aka sake shi haka za ta ci gaba da yi. Da mai gyaran ya danne Fn sannan ya taɓa F2 a gabanki, da an huta da kashe kuɗin nan.

Ki fara da wannan gwajin. Idan Fn da F2 tare suka buɗe miki akwatin da kika zaɓa a Excel (cell) domin gyara, to maɓallin lafiyarsa ƙalau, juya tsarin kawai ya rage. A wasu HP na ofis, irin su EliteBook da ProBook, danna Fn tare da Shift na hagu yana kulle maɓallan a kan aikinsu na asali. A yawancin Dell da ThinkPad kuwa Fn da Esc ne ke yin wannan. Idan hakan bai yi ba, ki kashe kwamfutar, ki kunna, ki riƙa danna Esc a kai a kai har jerin zaɓi ya bayyana, sannan ki danna F10 ki shiga BIOS, wato shafin saitunan injin kansa. A can za ki nemi layin da aka rubuta Action Keys Mode, ki mayar da shi Disabled, ki adana, ki fita. Ina jan kunnenki da kada ki taɓa komai ban da wannan layin, domin akwai saituna a wurin da idan aka juya su kwamfutar za ta iya ƙin tashi. Alherin wannan hanyar shi ne gyara ɗaya ya wadatar wa Windows da Ubuntu duka, tun da a ƙarƙashinsu aka yi shi. Daga nan F2 zai sauya sunan fayil, F4 zai sanya alamar dala a lissafinki na Excel, haske da sauti kuma su ne za su koma neman Fn.

Ubuntu yana da nasa halin da ya kamata ki sani yanzu da maɓallan F suka farka. Idan hannunki ya kuskure ya haɗa Ctrl da Alt da F3, fuskar za ta koma baƙa da 'yan rubuce-rubuce tana neman sunanki, kuma na ga mutane da yawa sun ɗauka kwamfutar ce ta mutu. Ba ta mutu ba; Ctrl da Alt da F2 yakan dawo da ke inda kike. Haka nan a cikin Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, Ctrl da C ba kwafi yake yi ba, tsayar da aikin da ke gudana yake yi, sai an ƙara Shift a haɗin sannan ya kwafa.

Batun MacBook kuwa ba matsala ba ce, al'adar gidan ce haka. Aikin da Ctrl ke yi a Windows, maɓallin Command ne ke yin mafi yawansa a Mac: Command da C kwafi, Command da V liƙawa, Command da Z janye kuskure. Sai dai ba komai ne ya tafi a kan wannan layin ba. Sauya sunan fayil da Return (wato Enter) ake yi bayan an zaɓe shi, rufe manhaja gaba ɗaya Command da Q ne, ɗaukar hoton wani sashe na fuska kuma Command da Shift da 4. Wanda ya fi rikita waɗanda suka fito daga Windows shi ne mayar da fayil daga wani wuri zuwa wani, domin sai an kwafa da Command da C, sannan a je inda ake so a danna Option da Command da V. Game da maɓallan F, a nan Mac ne da kansa yake riƙe da linzami: ki shiga System Settings, wanda kafin 2022 ake kira System Preferences, ki buɗe Keyboard, sai Keyboard Shortcuts, sai Function Keys, ki kunna zaɓin da ke mayar da F1 da F2 da sauransu kan aikinsu na asali.

A wuri guda ɗin akwai Modifier Keys, inda za ki iya musanya Command da Control domin yatsunki su ci gaba da bin hanyar da suka saba. Ana iya yi, amma ba na ba da shawararsa ga kwamfutar ofis. Duk abokin aikin da ya zauna a kanta zai rikice, ke ma duk bayanin da kika karanta zai saɓa da abin da ke ƙarƙashin yatsunki. A ganina ya fi sauƙi ki koya wa babban yatsanki zama a kan Command, galibi cikin 'yan kwanaki hannu yake sabawa. Idan kuma kin jona kibod na Windows a jikin Mac, maɓallin mai tambarin Windows shi ne Command, Alt kuma shi ne Option.

Saura hali ɗaya: idan maɓalli ya ƙi motsi ko da Fn ko babu, a Windows da Ubuntu duka. A nan ki ari kibod mai igiyar USB ki jona. Idan F2 ya yi aiki a kansa, laifin na kibod ɗin laftof ɗin ne, wanda ba abin mamaki ba ne ga kayan hannu da ya sha ƙurar hunturun Jos. Ki kashe ta, ki kifa ta a hankali ki karkaɗe, ki bi gefen maɓallan da burushi mai laushi, idan bai farfaɗo ba sai ki sa a sauya kibod ɗin kaɗai.